Saiwar Sanya da Yatsan Gwaggo

Ai ƙanshin kaɗai ya isa! Ka kankare ɓawon saiwar sanya ka shinshina, sai ka ji hancinka ya buɗe har tsakar ka. Ita ce ake wa laƙabi uwar magunguna. Ni tela ne a Fagge, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini harkar magani, tambaya kawai nake yi, in rubuta da ajami a bayan takardar awo.

Bara da kaka mura ta kama gwaggona, wadda ta raine ni. Ta warke, ta koma, ta warke, ta koma, duk ta rame. Na je Kwaciri wajen wata tsohuwa Babarbariya mai sai da saiwoyi. Ta ce, "Ɗan nan, tsawon gaɓa ɗaya ta ƙaramin yatsa, a jiƙa a ƙwarya. Yatsan mai ciwon fa, ba naka ba. Mai ciki kuwa ko kusa." Ni hankalina na kan ƙanshi, na ce to, to.

Ina zuwa gida na auna da nawa. Da babban ma, wai don ta yi saurin miƙewa. Na jiƙa na ba ta ta sha. Kafin la'asar Gwaggo ta fara amai, jiri na ɗibarta, gumi sharkaf. Na ruga Sabon Gari ba takalmi, wajen wata Kirista 'yar ƙasar Zariya da nake wa ɗinki, tana aikin jinya. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗauko ragowar saiwar, likita zai so ya gani." Muka kai Gwaggo asibiti a amalanke. Kwana biyu ta yi.

Da aka sallamo ta, tsohuwar nan mai saiwoyi ta zo dubiya. Ta kamo hannun Gwaggo ta jera da nawa. "Kai, wannan yatsa ne ko taɓarya?"

Gwaggo daga kwance ta ce, "Ƙyale shi, Iya. Tun yana yaro haka yake, gishiri ma cika hannu yake yi."

Aka yi dariya, ni hawaye nake sharewa.

Har yau ina son saiwar nan, wallahi, amma ban ƙara auna wa kowa ba. Duk wanda ya tambaye ni, Kwaciri nake tura shi, ya je da hannun mai ciwon.

Ku a garinku da me ake auna ta? Don Allah ku gaya mini, in rubuta.