Hajiya Husaina Sule, Uwar Masu Hannun Jari ta Unguwar Rimi

Haihuwa da Karatu

An haifi Hajiya Husaina a unguwar Abakpa cikin garin Kaduna a shekarar 1952, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Mahaifinsu Malam Sule tela ne a Babbar Kasuwa, mahaifiyarsu Malama Rabi kuwa tana koyar da matan aure karatun Alƙur'ani a gida. Husaina ta sauke tana 'yar shekara goma sha uku, ta kammala firamare a 1966, sannan ta wuce kwalejin horon malamai mata.

Aiki da Aure

A 1972 ta kama aikin koyarwa, a shekarar kuma aka ɗaura aurenta da Alhaji Yahaya Adamu, ma'aikacin gwamnati, suka tare a Unguwar Rimi. Ta kai muƙamin shugabar makaranta a 1985, kuma ɗalibanta sun shaide ta da raha da rashin garaje, har sukan ce ko ƙararrawar tashi ba ta sa Malama ta yanke jimla.

Shiga Harkar Jari

A 1989, lokacin da gwamnati ke sayar wa jama'a hannun jarin wasu kamfanoninta, ta sayi na farko da kuɗin adashinta, bayan ta yi fatawa a wurin malamai ta kauce wa duk kamfanin da ke mu'amala da kuɗin ruwa ko giya. Da abin ya yi albarka, malamai mata da wasu zawarawa suka roƙi ta jagorance su, suka kafa ƙungiya a 1996. Sharaɗinta guda ne: ba a sa kuɗin cefane, ba a sa na rance.

Shekarar Jarrabawa

A 2007 kasuwar hannun jari ta yi tashin gwauron zabo. Hassan, wanda a lokacin dillalin atamfa ne, ya jinginar da shagonsa ya zuba komai a hannun jari, yana yi wa 'yar'uwarsa tsiya cewa tafiyar hawainiya take yi. A 2008 farashi ya rikito. Matan ƙungiya suka cika falonta, wasu da hawaye, suna neman a sayar kafin a rasa saura, alhali a cikinsu akwai masu riƙon marayu waɗanda ba su da wani tanadi sai wannan.

Hajiya ta sa aka dama kunun gyaɗa, aka ba kowa ta sha. Sannan ta tambaye su, "Kamfanin sukarin nan da muka zuba jari a ciki ya daina yin sukari ne? To me kuka sa a kununku? Wadda buƙata ta matsa, ni zan ranta mata, amma kada tsoro ya sayar mana da kaya."

Ta sayar da sarƙar zinarenta ta cika wannan alkawari. An yi shekaru ana cijewa, wasu suka fice, suna yi mata habaici a gidajen biki, kafin a 2013 waɗanda suka daure su fara murmushi. Hassan kuwa ya rasa shagonsa. Ita ta kama masa wani a Abakpa, ba ta kuma daina tsokanarsa da tambayar lafiyar hawainiya ba.

Shekarun Ƙarshe

Bayan ritayarta da rasuwar maigidanta a 2015, ta rarraba jarin ƙungiya tsakanin hannun jari, filaye da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci. Da tsadar rayuwa ta tsananta a 2023, ƙungiyar ce ta ɗauki nauyin karatun marayun membobinta, ta kuma raba masara a unguwa.

Rasuwa

Ta kwanta jinya a farkon 2025. Da ta tara 'ya'yanta don wasiyya, sun zaci za ta hore su da jinkiri, sai ta ce, "Gado kam a raba shi da wuri. Haƙƙin mutane ba a jira ya yi tsada."

Allah ya yi mata rasuwa ranar Juma'a cikin watan Maris, tana da shekara saba'in da uku. An sallace ta bayan an sauko daga masallaci, aka yi mata sutura a maƙabartar Unguwar Sarki, Hassan na cikin waɗanda suka sa ta a makwancinta. Ta bar 'ya'ya biyar: Sharhabil, Na'ima, Faruk, Hafsatu da auta Rukayya, da jikoki goma sha huɗu. Allah ya jiƙanta, ya sa haƙurinta ya bi ta.