Jinin da Ke Kan Asuwakin Baba

Tun ina ƙarama nake ganin ja a kan asuwakin Baba. Da safe yakan tsuguna a bakin rariya ya goge baki kafin ya hau kekensa ya nufi kamfanin robobi a Sharaɗa. In ya tofar, sai jan ya bi ruwa yana tafiya a hankali kamar an ɗiga zoɓo. Kyau ma yake yi mini a lokacin. Da na tambaye shi, cewa ya yi mataccen jini ne, gara ya fita.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini. Ko laifi na yi, sai dai ya kalli Umma ya ce, "Ke ki yi mata faɗa, ni ban isa ba."

Ina shekarar ƙarshe a jami'a wata mura mai zafi ta ratsa sashen su Baba a kamfani. Abokan aikinsa suka yi ta atishawa suka warware, shi kuwa ta sauka masa a ƙirji. Muka kai shi asibiti a adaidaita sahu, kansa a kafaɗata, numfashinsa yana fita kamar ana jan buhu a kan siminti. Sai da aka sa masa iska.

Da ya fara samun sauƙi, likitar da ke duba shi ta haska bakinsa, ta daɗe tana kallo. Ta nuna mini dasashinsa, ya kumbura ya yi jawur, ga wani datti ya daskare kamar dutse a gindin haƙoran. Ta ce ba shi ya kawo murar ba, amma ƙwayoyin cutar da ke zaune a irin wannan dasashi suna iya bin numfashi su gangara huhu, kuma jikin da ya daɗe yana fama da kumburi a baki yakan fi jigata in mura ta zo. Ta ce in an sallame shi ya je a wanke masa haƙora, don ba ta son ta sake ganinsa a wannan gadon.

Baba ya ce to. Muna isa gida ya ce babu inda za shi.

Amininsa, wani ɗan Damagaram da suke inji ɗaya, ya zo dubiya ya ƙara masa ƙarfi. "Malam, kar ka yarda! Wannan dutsen shi ke riƙe da haƙoran. Ka tuna tsohon injinmu? Ranar da aka kankare masa tsatsa, ranar ya fara yoyo."

"Gaya mata dai," in ji Baba yana nuna ni. "So suke in koma shan koko da kunu."

"Kai da ko yanzu tsire sai ka tsotsa!"

Suka kwashe da dariya, dariyar Baba ta ƙare da tari mai tsawo. Na ga Umma ta juya fuska tana gyara tabarmar da ba ta karkace ba.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Na fi sabawa da zama a gindin dalbejiyar ƙofar gida ina kallon hayaƙin kamfanoni yana narkewa a sama. Amma da baƙon ya tafi, na je na zauna a gaban Baba, ban durƙusa ba.

"Baba, wa kuke cewa ni ce?"

"Uwata mana."

"Da gaske, ko wasa ne?"

Ya dube ni. "Ana wasa da sunan uwa?"

"To uwarku ta ce ku shirya ranar Litinin."

Har na fara tunanin na wuce gona da iri. Sai ya cire hularsa, ya shafa kai, ya ce da Umma, "Kin ji tsohuwar nan ko? Ko a da haka take, ba a musu da ita."

Ranar Litinin ya sa farar rigarsa ta Juma'a, muka tafi wurin likitan haƙori. Da aka kwantar da kujerar, na ga ya damƙe hannun kujerar da ƙarfi, mutumin da yake yini a gaban inji mai aman zafi. Na'urar ta fara ƙara, ya rufe ido, bai motsa ba har aka gama. A hanya yana ta taɓa haƙoransa da harshe, yana ƙorafin iska na shiga tsakaninsu. An riga an gaya mana haka zai ji, wurin da dattin ya bari ne.

Babu haƙorin da ya faɗi. Bayan 'yan makonni na leƙa rariya da safe, ruwa ne kawai yake gudu, fari tas.

Mura ta sake zagayowa da damina, ta kama shi. Ban ce wankin haƙori ne ya tsare shi ba, Allah ne masani. Amma a ɗakinsa ya yi jinyarta, da shayin citta, ya miƙe ya koma aiki. Ranar da ya koma, ya dawo da amininsa a bayan keke, kumatun aminin a kumbure, yana dafe da shi.

"Uwata," in ji Baba tun daga zaure, "fito ga wani ɗan naki. Ni ya ƙi jin tawa."