Shekara Bakwai Babu Inna, Ga Takwararta A Ƙofar Aji

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai mahaifiyata makwancinta a Sanyinna. Kowace shekara nakan rubuta mata addu'a a wannan fili in yi shiru. Bana kam da kuka na zo.

Inna malamar aji ɗaya ce har ta yi ritaya. A zamaninta, in za a ɗauki yaro, sai a ce ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. Wanda hannunsa ya kai ya shiga, wanda bai kai ba sai baɗi. Inna ba ta taɓa yarda da wannan awo ba. Takan ce wa hedimasta, "Ku bar min ɗiyan ga wata ukku, sannan ku tambaye ni." Cikin gajerun da ta riƙe da ƙarfin tsiya akwai wadda yanzu take karɓar haihuwa a Kebbe. Akwai kuma dogo mai hannu har gwiwa da ya bar firamare bai iya rubuta sunansa ba.

Yau an daina taɓa kunne, an koma takarda. Ban raina takardar ba, na ga yaran da ta gano matsalarsu da wuri aka taimake su. Amma ga abin da ta yi mini.

Bayan rasuwar Inna da shekara biyu na haifi ɗiya, na mayar mata da sunanta. Wa ke kiran sunan uwarsa? Ummi muke ce mata, gida da unguwa. Bara na kai ta gwajin shiga nazare a wata makaranta nan Tambuwal. Malamar, baƙuwa ce a garin, ta duba fom ta kira sunan yanka har sau uku, Ummi ba ta waiwaya ba. Ta tambaye ta sunan babanta, yarinya ta sunkuyar da kai, kamar yadda muka koya mata. Aka rubuta cewa ba ta san sunanta ba, a duba mata kunne. Yarinyar da ke gane kukan babur ɗina tun daga bakin kasuwa!

Na yi bayani, aka ce maki ya riga ya shiga. Ta zauna gida shekara guda, kullum da safe tana bakin zaure tana kallon sa'o'inta da jakunkuna. Litinin za a sake gwajin. In ta faɗi kuma, shekarunta sun wuce ajin, ban san inda zan nufa da ita ba. Wallahi tsoro nake ji.

Da Inna na raye, na san mayafi kawai za ta yafa ta je ta zauna ofishin makarantar har a ba jikarta wata ukunta. Ni ba ni da wannan bakin. Abin da ya rage mini shi ne in saba wa yarinyar da sunan kafin Litinin. Uwarta ta ce ita dai ba za ta iya kiran sunan surukarta ba, ko za a yanka ta.

Kwana uku ina buɗe baki yana rufewa. Jiya bayan la'asar Ummi na wasa a gindin turmi, na runtse ido na kira sunan mahaifiyata da ƙarfi, karo na farko a rayuwata. Uwarta ta saki tsintsiya. Ummi ta dubi ƙofar gida, ta dube ni.

"Baba, wa kaka kira?"

Allah Ya jiƙan Inna. Saura kwana biyu.