Farin ƙyallen da Malam Ado ya nemo wa Inna

Malam Ado ya rasu.

Yanzu da safen nan ɗansa Nasiru ya kira ni. Ina riƙe da kofin shayi lokacin, har yanzu ban san inda na ajiye shi ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina Minna, jana'iza kuma a Kiru za a yi kafin azahar. Ko yanzu na tashi ba zan same ta ba. Na ɗauki makullin mota na ajiye, na sake ɗauka. Na fita tsakar gida na dawo. Matata Hajiya ta ce in zauna, na kasa. Shi ya sa na ɗauko wayar nan, ku yi haƙuri in rubutun ya zo muku a hargitse.

Ga waɗanda ba su san shi ba, abokin aikina ne. Tare muka koyar a wata firamare a Kiru, daga ƙarshen shekarun tamanin zuwa cikin na casa'in. Ni mutumin Bebeji ne, aka turo ni garin ban san kowa ba. Ranar farko ya gan ni da akwati a bakin ofishin hedimasta. Bai ma tambayi sunana ba, ya ce, "Ka ci abinci?"

A shagon gidansu na zauna har na samu ɗaki.

Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko kunu a tsaye yake sha. In abu ya shiga ransa, to kowa na kusa da shi ya shiga uku sai an gama.

Tun ɗazu ba abin da ke dawo mini irin maganar majigi.

Yana da ƙanwa, Hansatu, da ta bi mijinta Saudiyya neman abinci, aka daɗe ba ta waiwayo gida ba. Wata shekara alhazai suka dawo da hotunanta, ita da 'ya'yan da ta haifa a can. Lokacin yanar ido ta fara kama mahaifiyarsu, Inna. Ina wurin aka ba ta hotunan. Ta kai ɗaya kusa da hancinta, ta matsa bakin ƙofa wajen haske, ta juya shi sama ta juya ƙasa. Can sai ta miƙa wa Malam Ado. Shi ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunansa.

"Kai, yaron nan, gaya mini dai abin da ke ciki."

Ya kwatanta mata da baki. Amma washegari a makaranta ya ja ni gefe ya ce ya tuna majigin da ake nuna musu darasi da shi a kwalejin horon malamai. In hoto ya zama girman ƙofa, ai Inna za ta gani.

Ya tafi Kano ya samo tsohon majigi, ya kuma samu mai hoto ya mayar masa da hotunan Hansatu 'yan ƙananan nan da ake zura wa majigin. Wani mai kemis ya ara mana ɗan janareto. Muka toshe tagar ɗakin Inna da tabarma bayan an tashi daga makaranta. Ni a zatona an gama.

Ashe ba mu ma fara ba. Ba mu da abin da za mu haska hoton a kai.

Mun fara da bango. Bangon jar ƙasa ne, Hansatu ta fito kamar an tsamo ta daga kududdufi. Inna ta ce ita duhu kawai take gani.

Muka rataya zanen gado. Furanni suka fito mata a goshi da kumatu.

Ni na kawo shawarar katako. Muka samo falle guda mai faɗi, muka shafa masa farin fenti mai ƙyalli. Ana kunnawa Inna ta rufe fuska da tafin hannu, idonta na zubar da ruwa. Ta ce kamar an haska mata madubi a rana.

Ranar kasuwar Bebeji na sayo farin yadin alawayyo, ina ta murna na kawo magani. Inna ta shafa shi da yatsu, ta ture.

"Wannan ai na likkafani ne. Ku fitar mini da shi daga ɗaki, da saurana tukuna."

Mun yi dariya, amma shi dariyarsa ba ta kai ciki ba. Da muka gwada a shago ma, hasken ratsa alawayyon yake yi ya wuce baya, hoton ya yi fari fat.

Na ce, "Malam, a haƙura mana. Ka ci gaba da kwatanta mata da baki."

Ya ce, "Sani, idon nan kullum raguwa yake. Makon jiya daga zaure take gane ni. Yau sai da na yi magana."

Ban sake cewa a haƙura ba.

Da damina ne. Ranar kasuwar Tudun Wada ya goya ni a babur ɗinsa muka tafi. Ya zo da tocila a aljihu. Duk rumfar masu yadi da muka shiga, sai ya sa in riƙe masa yadin, ya lulluɓa da babbar rigarsa, ya haska tocila daga gaba, ni kuma in duba ko hasken ya fito ta baya. Wanda ya ratsa, a ajiye. Mai sheƙi, a ajiye. Wanda farinsa ya ja ruwan ƙwai, a ajiye.

Mutane suka fara taruwa. Wani mai yadi ya ce, "Malam, riga za ka ɗinka ko aljani kake nema a ciki?"

Ya ce, "Ƙanwata nake nema, Alhaji."

Da ya yi masa bayani, dattijon ya shiga can ƙuryar rumfa ya jawo wani farin yadi mai kauri, irin wanda ake ɗinka wa ma'aikatan asibiti. Ba ya ƙyalli, ba ya kuma barin haske ya wuce sosai. Malam Ado ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya ɗago ya kalle ni.

Na ce to mu juya gida. Ya ce ina, sai an samo gora miƙaƙƙiya da za a ɗaure shi, an ce masa akwai ta hanyar Doguwa. Wallahi har can muka je. A hanyar dawowa hadari ya taso. Ya tsaya ya tuɓe rigarsa ya naɗe yadin da ita, ya ba ni na rungume tare da gorar. Da singileti ya tuƙa mu cikin ruwa har Kiru, haƙoransa na kaɗawa.

Matarsa, Yaya Binta, ita ta kalmashe bakin yadin, ta goge shi da dutsen guga. Ita ce kuma ta ce a rataya baƙin bargo a bayansa don hasken ya tsaya. Muka ɗaure shi jikin gora, muka ja har ya yi tamau kamar fatar ganga.

Bayan la'asar aka zaunar da Inna a tabarma, kusa sosai. Na ta da janareto na dawo da gudu. Ya zura hoton farko.

Hansatu ta fito a jikin yadin.

Inna ta daɗe tana kallo. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe, ta nufi ƙyallen. Inuwarta ta rufe hoton duka.

"Inna, kin tare hasken. Matsa gefe kaɗan."

Ta matsa. Ta ɗaga hannu ta shafa kumatun Hansatu a jikin yadin.

"Ja'ira. Har da haƙorin Makka."

Yaya Binta ta fashe da kuka. Aka sa na biyu, na babban ɗan Hansatu. Inna ta ce, "La ilaha illallahu, wannan ai kunnuwan marigayi ne, baban su Hansatu." Ta hana a canza. Haka muka zauna har man janareto ya ƙare.

Na waiga ban ga Malam Ado ba. A bayan rumbu na same shi tsugune gaban janareton, wai yana duba abin da ya kashe shi. Ya fi kowa sanin mai ne ya ƙare. Na tsaya kusa da shi.

Kafin wata daminar idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Da Hansatu ta zo gida daga baya, tana ta gabatar mata da yaran ɗaya bayan ɗaya, Inna ta ce, "Ba sai kin wahala ba, na riga na gan su."

Majigin bai huta ba bayan nan. Tsofaffin unguwa suka riƙa kawo hotunan 'ya'yansu na nesa, shi kuma ya kai Kano a mayar, ya dawo ya haska musu. Ko goro bai taɓa karɓa ba.

Ni kaina, ranar da zazzaɓi ya sanƙarar mini da 'yata ta fari, shi ya ɗauki uwarta da ita a babur zuwa asibiti, ya dawo ya ɗauke ni. Yarinyar nan yau 'ya'yanta sun shiga sakandare.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Bebeji ne, wajen ɗaurin auren ɗan yayana, bayan ƙaramar Sallah. Ya rame, yana dogara sanda. An ba shi kujera ya ƙi zama, yana ta nuna wa samari yadda za su gyara rumfa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sani, ka tsufa fa." Na ce shi kuma ya zama saurayi.

Da zan tafi ya rako ni har mota, a hankali, yana tsayawa yana numfashi. Ashe ya riga ya sa an zuba mini dankali a but ɗin motar. Na fara godiya ya ce, "Ba naka ba ne, na Hajiya ne." Ya buga rufin motar da tafin hannu.

"Ka bi a hankali, hanya ta ɓaci wajen Kwanar Dangora."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Zan kama hanya yanzu, ko zaman makoki in samu. Ban san da wane baki zan yi wa Yaya Binta gaisuwa ba.

Ya Allah, ga bawanka Ado nan ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da abin da ya yi wa mahaifiyarsa da mu baki ɗaya. Ka haɗa shi da Inna a Aljanna Firdausi. Ka ba iyalinsa haƙuri, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Ni ma ku sa ni a ciki, hanya da nisa.