Mai Sanƙo a Kujerar Wilson

Wilson mai aski ya riƙe kawunan mutanen Makera fiye da yadda iyayensu suka riƙe su. Tun da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe ya koma aski, a wani ɗan shago mai madubi ɗaya da tsohuwar fanka.

Hannunsa ba laifi, sai dai mutumin akwai nisan tunani. Yana cikin aski sai hankalinsa ya lula. Ina mutum yake kafin a haife shi? Gashin jiya dai ya share ya zubar, to shi Wilson ɗin jiya ina ya shiga? Sai ya dubi ƙeyar da ke hannunsa, da ɗuminta kamar sabon ƙwai, ya ce a ransa, anya nan ciki ma ana wannan fama? Ko shi kaɗai ne?

Matarsa Esther kam ta gama yanke hukunci. "Baban Becky, wannan zugum ɗin naka ba na lafiya ba ne. Ran Lahadi sai gaban fasto." Abin ya tsorata shi ƙwarai, don shi ma ya fara zargin ko ya taɓu.

Duk safiyar Juma'a Alhaji Ɗalhatu mahauci yakan zo. Kai, mutumin nan akwai baki! Tun daga titi ake jin dariyarsa. Ga sanƙo tal kamar bayan ƙwarya. Wilson dai yakan zagaya da inji ta bayan kunne, don kada a ce bai yi komai ba.

Ran nan ana cikin haka aka ɗauke wuta. Inji ya mutu, fanka ta lallaɓa ta tsaya. Alhaji bai buɗe ido ba.

"Kada ka ɗauke hannunka, Oga Wilson."

Wilson ya bar tafinsa a kan sanƙon.

"Kana tsammanin gashi nake kawo maka? A kasuwa in na yi shiru, sai a ce Alhaji lafiya? A gida ma haka. Nan kaɗai nake rufe ido in tambayi kaina me na zo yi duniya, kuma ko na yi shi." Ya nisa. "Kai ba ka irin wannan, ko?"

Wilson ya dubi sanƙon da ke ƙarƙashin tafinsa. Daɗi ne ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Alhaji, ni fa na ɗauka haukacewa nake yi."

"To, mun zama biyu."

Wuta ta dawo, amma Wilson bai kunna injin ba.