Tomezo Mai Juya Dandamali

Shekara arba'in da ɗaya Tomezo ya yi a gidan kabuki, wasan kwaikwayonmu na gargajiya, da ke garinmu a tsibirin Shikoku. Wurin aikinsa ƙarƙashin dandamali ne, ramin da muke kira jahannama.

Fataken gishiri ne suka gina gidan a zamanin kakansa, katako cikin katako. 'Yan kallo suna zama a tabarmi, doguwar gada ta ratsa tsakiyarsu. Tsakiyar dandamalin kamar faifai yake, maza huɗu ke juya shi daga ƙasa da kafaɗa. Da an buga itacen ba da alama a sama sai su tura, ɗakin da 'yan kallo ke gani ya koma bakin teku. Doka ɗaya ce a ramin: ba mai turawa sai babba ya sa kafaɗa.

Da kabuki ya daina kasuwa aka mai da gidan sinima, sannan sito. Tomezo bai bar shafa wa ƙafafun faifan mai ba, ba wanda ya sa shi. Ranar da gari ya dawo da wasa, faifan ya juya lafiya lau, kuma shi ne babba.

Sai kunnensa ya fara mutuwa. Abokin aikinsa Genpachi ya riƙa rufa masa asiri, da an buga itace sai ya shure shi a dunduniya.

"Tura mana, tsohon kurma! Wasiƙa kake jira?"

"Na riga ka ji, ɗan giya."

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Genpachi. Aka buga itace, Tomezo bai ji ba. Sauran suka tsaya suna kallon bayansa, ba mai iya riga babba. A sama, jarumin da aka kashe yana kwance yana jiran a juya da shi, har jama'a suka fashe da dariya.

Washegari Tomezo ya sami uwargida Sakuraba, mai kula da gidan, ya ajiye tsumman da yake ɗorawa a kafaɗa wajen turi a gabanta.

"Baba Tome, ai ba wanda ya kore ka."

"Shi ya sa na kawo kaina. Ki sa Genpachi ya zama babba. Mashayi ne, amma kunnensa ƙalau."

Ya sunkuya ya gaishe ta, ya fita ta ƙofar baya.