Kwazazzabon Gidanmu

Ina koyar da Turanci a sakandaren ƙauyenmu, can wajen Minjibir. Wata rana muka ci karo da kalmar chasm. Na gaya wa ɗalibai daga Girkanci ta fito, asalinta wage baki ne kamar mai hamma. Ana faɗinta ga ƙasar da ta tsage ta yi zurfi, ana kuma faɗinta ga mutanen da suka raba gari. Ban rufe baki ba sai duk ajin ya juya wajen taga.

Na san abin da suke kallo. A wajenmu da ciyawar gamba ake shata iyakar gona. Da aka raba gadon kakanmu, Babana da ƙanensa suka yi ta tuge gambar tsakaninsu, kowa yana matsar da ita cikin gonar ɗan'uwansa. Saiwarta ba ta taɓa kamawa ba. Ruwan damina ya samu hanya, yau kwazazzabon zai haɗiye raƙumi, kuma da sunan gidanmu ake kiransa.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da na samu wanda zan yi wa faɗa.